Ƙurar masana'antu: wadda ido ba ya gani ita ta fi illa

Wace irin ƙura ake nufi?

Duk ɓarɓashin da ke yawo cikin iska: garin siminti, ƙurar injin fasa dutse, toka, baƙin hayaƙin gazuwal, ƙaiƙayin wurin ɓarar gyaɗa. Da girma ake rarrabe su. PM10 shi ne wanda bai wuce maikromita 10 ba, PM2.5 kuwa bai wuce 2.5 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya kan kai kusan 70. Manyan, hanci da maƙogwaro kan tare su, su fita da atishawa ko kaki. Ƙananan ne ke gangarawa can ƙuryar huhu, wasu ma su ratsa cikin jini.

Mu da muka saba da hunturu a Maradi, me ƙurar masana'anta za ta ƙara mana?

Hazon hunturu, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, shi ma yana cutarwa, sai dai lokacinsa yake da shi. Ƙurar masana'anta kuwa shekara zagaye take sauka, a kan gidaje guda. Da hunturu iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, don haka unguwar da ke kudu maso yamma da injin ita ke sha. Da damina lamarin ya juya. Asubahin sanyi ya fi muni, domin iska mai sanyi takan kwanta ƙasa ta danne hayaƙin daidai tsayin mutum.

Akwai iyaka?

Akwai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar matsakaicin PM2.5 kada ya wuce maikrogiram 5 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska a shekara, 15 a kwana guda. Na PM10, 15 da 45.

Wace cuta take jawowa?

Tari, asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, kansar huhu. Masu fasa dutse suna da tasu ta daban: ƙurar silika, wani sinadari da ke cikin dutse da yashi, tana barin tabo a huhu wanda ba ya warkewa, kuma tana buɗa wa tarin fuka ƙofa. Yakan ɗauki shekaru kafin mutum ya fara haki, lokacin an makara.

Me ya wajaba a kan mai masana'anta?

Ya kama ƙurar tun inda take tashi. A riƙa fesa ruwa a bakin injin da kan hanyar manyan motoci, a rufe lodin yashi da tamfol. Cikin na'urorin kama ƙura, mazurarin da ke juya iska manyan ƙwayoyi kawai yake kamawa, ƙananan sai buhunan tacewa. Nan ne ake yawan sakaci: buhu guda ya yage a ƙyale shi, ko danshi ya toshe su, ko a kashe fanka don tsimin wuta. Dogon bututun hayaƙi kuma ba ya rage komai, kai wa maƙwabtan nesa kawai yake yi.

Rawani ko ƙyalle a hanci ya isa?

Bai isa ba. Sai takunkumin FFP2 ko N95, wanda ya zauna daram a fuska. Gemu mai yawa na barin kafa. In ya jiƙe ko numfashi ya yi nauyi, a canja. Kada a share wurin aiki a bushe, kada kuma a kakkaɓe tufafi da iskar kwamfaresa.

Maƙwabta fa?

Su rufe abinci da randa, su riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Su ajiye farin faranti a waje don shaidar ƙurar da ke sauka, su ɗauki hotonsa kowace safiya da kwanan wata, sannan su kai ƙorafi tare, ta hannun mai unguwa, zuwa ofishin magajin gari da ma'aikatan muhalli.