Hasumiyar Beyazit ta Istanbul: Mai Gadin Gobara Tun Zamanin Usmaniyya

A ina take?

Tana cikin harabar Jami'ar Istanbul, a dandalin Beyazit, daf da babbar rufaffiyar kasuwar nan ta Kapalicarshi. 'Yan kasuwarmu masu sarin kaya a unguwar Laleli suna wuce ta kullum, da yawa ma sukan ɗauka hasumiyar masallaci ce. Tsayinta mita 85.

Me ya sa aka gina ta?

Saboda wuta. Gidajen tsohon birnin na katako ne, a cunkushe, lungunan kuma matsattsu. Fitila ɗaya ta kife, unguwa ta tafi. An fara kafa hasumiyar katako a 1749, sai ga shi ita kanta ta ƙone a gobarar unguwar Jibali ta 1756. Wata ma ta sake ƙonewa a 1826. Daga nan Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Mahmud na Biyu, ya sa aka yi ta da dutse a 1828, magininta Senekerim Balyan.

Yaya ake sanar da jama'a, ba waya ba rediyo?

A wancan zamanin, masu gadi na sama dare da rana, ido na kan rufin gidaje. Da sun hango hayaƙi, in da rana ne su rataya kwanduna, in da dare ne fitilu. 'Yan aike su bazama unguwanni da gudu, 'yan kwana-kwana su saɓa famfon hannu a kafaɗa su nufi wurin. Ana ba da labarin cewa mai gadi kan tashi shugabansa ya ce, "An yi maka haihuwa." Shi kuma ya tambaya, "Mace ko namiji?" Namiji, wutar na cikin ganuwar tsohon birnin ke nan. Mace kuwa, tana ƙetaren ruwa, wajen unguwannin Galata ko Uskudar.

Ana barin baƙo ya hau?

Ba kamar hasumiyar Galata ba ce da za ka yanki tikiti ka bi layi. Wannan a hannun jami'a take, sai da izini. Matakalar katako ce mai murɗewa, mai ciwon gwiwa ya haƙura.

To in ban samu hawa ba fa?

Jira magariba ka ɗaga kai. Fitilunta na faɗin yanayin gobe: shuɗi garau, kore ruwa, rawaya hazo, ja dusar ƙanƙara. In ka ga kore, ka nemi lema kafin ka fita kasuwa da safe.