Bukukuwan Disamba a Birnin Kalaba

Kalaba, babban birnin jihar Kuros Riba da ke kudu maso kudancin Najeriya, ta yi suna da jerin bukukuwa da wasanni da ake gudanarwa daga farkon watan Disamba har zuwa shigowar sabuwar shekara. Mafi shahara a cikinsu shi ne bikin kalankuwar kan titi wanda gwamnatin jihar ta ƙirƙiro a shekarar 2004, wanda kuma masu tallata shi ke yi wa kirari da taron titi mafi girma a Afirka. Sai dai kalankuwar reshe ce kawai, domin tushen hidimar ya girme ta nesa ba kusa ba: tun kafin gwamnati ta sa hannu, Disamba shi ne watan da ’yan asalin garin ke komawa gida, dodannin gargajiya su fito, a kai wa sarki gaisuwa, a ɗaura aure, mawaƙan coci kuma su raya dare.

Gari da yanayinsa

Birnin yana kan tudu ne tsakanin kogin Kalaba da kogin Kwa, kusa da inda ruwan Kuros Riba ke faɗawa cikin teku, kuma ƙabilu uku ne suka kafa shi, wato Efik da Efut da Kuwa. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, inda damina ke cinye mafi yawan watannin shekara, saboda haka ɗan sararin da ake samu a Disamba da Janairu yana da muhimmanci ga duk wata hidima ta waje. Hunturu yana isa Kalaba, amma a raunane; hazo ne mara kauri da ɗan sanyin asuba, ba irin bujin da ke fasa leɓe a Kano ko Damagaram ba. Da rana zafi da gumi suna nan yadda suke, kuma wannan ya sa yawancin tarukan sai da la’asar suke kankama, su kai tsakar dare.

Yadda Kirsimeti ya yi jijiya a garin yana da alaƙa da tarihinsa na tashar jiragen ruwa. Kalaba ta shafe ƙarnoni tana ciniki da Turawa, da farko na bayi, daga baya na manja. A shekarar 1846 mai wa’azin nan Hope Waddell ya iso tare da abokan aiki da suka fito daga Jamaika, Mary Slessor kuma ta biyo baya a 1876, aka buɗe makarantar da ke ɗauke da sunan Hope Waddell a 1895. Garin ya zama mazaunin mulkin Turawan Ingila na yankin kudu har zuwa 1906, lokacin da aka mayar da hedikwata Legas. Ilimin boko da aka samu da wuri ya watsa ’ya’yan Kalaba aikin gwamnati da na kamfanoni a garuruwa masu nisa, hutun ƙarshen shekara kuwa shi ne damar da suke da ita ta ganin gida.

Hidimomin gargajiya

Babban abin da ke bayyana tsohuwar fuskar Kalaba a wannan lokaci shi ne Ekpe, ƙungiyar asiri ta maza wadda kafin zuwan Turawa ita ce ke yanke hukunci, ta karɓi bashi, ta kuma tsawatar a ƙasar Efik. Dodon Ekpe yakan fito sanye da saƙaƙƙiyar riga da ta rufe shi daga kai har ƙafa, da tulin zaren tukurwa a ƙirji da wuyan hannu da idon sawu, da ƙararrawa ɗaure a ƙugu, sanda a hannu ɗaya, damin ganye a ɗayan. Tun daga nesa ake jin ƙarar ƙararrawar kafin a gan shi, kuma kowane motsi da ya yi da sandar ko da ganyen magana ce da ’yan ƙungiya kaɗai ke fahimta, cikin tsarin alamomin da ake kira nsibidi. Bayin da aka kwasa daga wannan gaɓa sun kai al’adar ƙasar Kuba, inda ta rayu da sunan Abakuwa tun daga 1836.

A cikin Disamba ne kuma ake yin Utomo Obong, wato ranar da gidaje da zuri’o’in Efik ke zuwa rukuni-rukuni su kai caffa ga sarkinsu, Obong na Kalaba. Wanda ya san hawan sallah a masarautun Arewa zai gane manufar nan take, ko da yake a nan babu doki. Mata kan sa doguwar riga mai faɗi da ake kira onyonyo, wadda ɗinkinta ya samo asali daga tufafin matan Ingila na ƙarni na 19, su yi ado da matajan tagulla a gashi; maza kuma su ɗaura zane, su sa farar taguwa da hula mai duwatsu, su riƙe sanda. Rawar ekombi, wadda mata ke takawa a sunkuye suna kwaikwayon kaɗawar igiyar ruwa, ba ta rasa wuri a irin wannan taro.

Kafuwar kalankuwa

Donald Duke, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, shi ne ya ɗauki wannan kakar komawa gida ya mayar da ita hajar da za a tallata wa baƙi. Lissafinsa shi ne jihar ba ta da arzikin mai kamar maƙwabtanta, amma tana da tsabtataccen birni, da tsaunin Obudu, da dazuzzuka, saboda haka yawon buɗe ido zai iya zama abin dogaro. Daga wannan tunani aka samu wurin kasuwanci da shaƙatawa na Tinapa, wanda aka buɗe a 2007, da kuma kalankuwar kanta, wadda aka tsara bisa salon ta ƙasar Tirinidad. Tinapa ba ta cika burin da aka ɗora mata ba, amma kalankuwar ta kama ƙasa. Wannan lissafi ya ƙara nauyi bayan an miƙa yankin Bakasi ga Kamaru a 2008, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa rijiyoyin mai 76 da ake taƙaddama a kansu na jihar Akwa Ibom ne.

Gwamnonin da suka biyo baya, Liyel Imoke da Ben Ayade da Bassey Otu, kowannensu ya riƙe bikin, kowanne kuma ya yi masa ƙari ko ragi gwargwadon ra’ayinsa. A zamanin Ayade aka shigo da jerin gwanon manyan babura da gasar sarauniyar kyau ta Afirka, aka kuma faɗaɗa gayyatar tawagogin ƙasashen waje. Annobar korona ta hana yin bikin a 2020 da 2021.

Ƙungiyoyi da ranar fita

Ginshiƙin kalankuwar ƙungiyoyi ne masu gasa da juna. Biyar ne na asali, kowace da launinta: Seagull mai ja, Passion 4 mai kore, Masta Blasta mai ruwan lemo, Bayside mai shuɗi, sai Freedom mai rawaya. Daga baya aka ƙara Diamond da Calas Vegas, suka zama bakwai. Manyan mutane ne ke jagorantarsu. Sanata Florence Ita-Giwa, alal misali, sunanta ya haɗe da na Seagull tun farko. Passion 4 ce ta fi kowace yawan lashe gasar, kuma goyon bayan ƙungiya a Kalaba ya yi kama da na kulob ɗin ƙwallo, har a gida ɗaya akan sami wa da ƙane kowa da launinsa.

Kowace shekara hukumar shirya bikin takan fitar da jigo ɗaya, kamar sauyin yanayi, ko ƙaura, ko bunƙasa noma da masana’antu, sai kowace ƙungiya ta zauna ta fassara shi da tufafi da rawa da wasan kwaikwayo. A nan ne ainihin aikin yake, kuma shi ne ɓangaren da mai kallon talabijin ba ya gani. Watanni kafin Disamba teloli da masu walda da kafintoci da masu fenti suke duƙufa a rumfunan ƙungiyoyi, ana lanƙwasa waya da rodi ana yin fukafukai, ana liƙa gashin tsuntsu da ƙyalli ɗaya bayan ɗaya. Kayan sarki da sarauniyar kowace ƙungiya sukan yi girman da ba za a iya ɗauka a kafaɗa kaɗai ba, sai an sa musu ƙananan tayoyi, mai sanye da su yana ja yana rawa a tsakiya. Matasa kuwa sukan yi makonni suna atisaye da yamma, sannan a yi fitar gwaji a kan titi a wasu ranakun Lahadi kafin babbar rana.

Ana buɗe kakar ne da kunna fitilun bishiyar Kirsimeti a dandalin Millennium, kusa da shataletalen da mutanen gari ke kira Eleven-Eleven. Daga nan kusan kowane dare akwai abin yi: waƙoƙin coci, wasannin mawaƙa da masu barkwanci, da kasuwar dare da ake kira ƙauyen Kirsimeti, inda ake cin miyar edikang ikong da afang da gasasshen kifi. Manyan ranakun suna zuwa ne bayan 25 ga wata, kuma jerinsu yana ɗan sauyawa daga shekara zuwa shekara. Akwai ranar al’adu, inda ƙananan hukumomi 18 na jihar da tawagogin wasu jihohi ke nuna rawarsu, akwai ranar yara, akwai ta babura, sannan babbar fita.

Hanyar babbar fitar ta kai kimanin kilomita 12. Takan tashi daga dandalin Millennium, ta bi titin Mary Slessor da titin Marian da titin MCC, ta hau babbar hanyar Murtala Mohammed, ta ƙare a filin wasa na U. J. Esuene. A gaban kowace ƙungiya akwai tirela ɗauke da lasifikoki, a bayanta kuma sahu-sahu na masu rawa, kowane sahu yana ba da wani yanki na labarin. An ware wurare a kan hanya inda alƙalai ke zaune, kuma da an iso gabansu sai gajiya ta kau, a gyara sahu, a yi wasan da aka yi wata da watanni ana koyo. Tafiyar takan fara da rana tsaka, ƙungiyar ƙarshe kuma ba ta shiga filin wasa sai dare ya raba, wani lokaci ma sai goshin asuba. Duk wanda ya ga yarinya ’yar shekara ashirin ta yi wannan nisa tana rawa da fukafukan waya a bayanta, ya san cewa ba kuɗin gwamnati kaɗai ke riƙe da wannan biki ba.

Bogobiri da abin da ya faru a 2022

Hanyar kalankuwar tana ratsawa ta gefen Bogobiri, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar birnin, inda babban masallaci yake, da ’yan canji, da masu tsire da suka sa sunan unguwar ya zama ɗaya da suya a bakin mutanen Kalaba. Da magariba hayaƙin tukuba yakan tashi a jere, baƙi daga Legas da Fatakwal su yi layi ana yanka musu nama ana barbaɗa yaji, kuma Disamba ita ce kakar ciniki ga waɗannan ’yan kasuwa, haka ma masu kawo shanu da awaki da albasa daga Arewa. Mazauna unguwar Musulmi ne da ba sa bikin Kirsimeti, amma maƙwabtaka da kasuwa sun sa hidimar ta zama wani ɓangare na shekararsu.

A nan ne aka yi rashi mafi muni a tarihin bikin. Ranar 27 ga Disamba 2022, shekarar da aka dawo da shi bayan annoba, wata mota ta ƙwace ta afka cikin ’yan kallon jerin gwanon babura a Bogobiri. Alƙaluman da hukumomi suka bayar na waɗanda suka rasu sun kama daga mutum 7 zuwa 14, wasu fiye da ashirin kuma suka jikkata, har da yara. Gwamna Ayade ya dakatar da wasan baburan na ranar. Abin ya tayar da tambayar da ta kamata a yi tun da farko, wato yadda za a ce an rufe hanya domin taro amma mota ta sami shiga da gudu, kuma duk wani kirari da za a yi wa bikin bai kai muhimmancin amsa wannan tambaya ba.

Amfani da suka

Ribar kakar a bayyane take ga masu otal da direbobi da masu abinci da masu ɗinki, kujerun jirgi zuwa filin jirgin sama na Margaret Ekpo kuma sukan yi wuya su yi tsada. Gidan tarihi na tsohon gidan Razdan da gidan tarihin cinikin bayi da ke wurin shaƙatawa na Marina suna samun maziyartan da ba sa samu a sauran watanni. Masu suka kuma suna da hujjoji masu ƙarfi. Wasu na ganin bai dace jihar da ke fama da bashi ta riƙa kashe maƙudan kuɗi a hidimar wata ɗaya ba, alhali hanyoyin shiga birnin, musamman ta Itu, sun daɗe suna wahalar da matafiya. Wasu malaman coci da dattawa suna ƙorafi kan shigar da ke bayyana tsiraici, masana al’ada kuma suna fargabar kada ƙyallin da aka aro daga Tirinidad ya danne ekombi da Ekpe, ya mayar da su abin share fage.

Hidimar ba ta ƙarewa da sanar da ƙungiyar da ta yi nasara. Daren 31 ga wata coci-coci sukan cika da masu addu’ar tsallaka shekara, ana harba wasan wuta da ƙarfe goma sha biyu. Washegari, 1 ga Janairu, matasan Tinkoriko suke fitowa, sun shafe jikinsu da baƙi ko fenti, suna zaga unguwannin Kalaba ta Kudu da waƙoƙi da ganguna. Wannan fita ta samarin gari ce, ba ta da alƙalai kuma ba a ba da kyauta, bayanta kuma tashoshin mota ke cika da masu komawa wuraren aikinsu.