Proxima Centauri

Proxima Centauri ita ce tauraruwa mafi kusa da duniyarmu in aka cire Rana, domin ita ma Rana tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa take rinjayar sauran. Wani masanin taurari mai suna Robert Innes ne ya gano ta a shekarar 1915 a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Ƙarama ce, ja, nauyinta wajen kashi ɗaya cikin takwas na nauyin Rana, haskenta kuma dishi-dishi, har ido ba ya iya ganinta sai da madubin hangen nesa.

Kilomita ba ta wadatar wajen awon sararin samaniya, shi ya sa masana ke aunawa da gudun haske, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga Wata zuwa nan, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ta ishe shi. Daga Rana, mai nisan kilomita miliyan 150, minti 8 da daƙiƙa 20. Daga Proxima kuwa sai ya shafe shekara 4 da kusan wata 3 a hanya, wato kimanin kilomita tiriliyan 40.

Irin wannan adadi baki na iya faɗinsa, amma hankali ba ya kama shi. A ƙaddara an taƙaita tazarar Rana da Duniya ta koma mita ɗaya, an ajiye Rana a tsakiyar Birnin Kebbi. Girmanta ba zai wuce ƙwayar gyaɗa ba, Duniya kuma ɗan ɗigon ƙura ce a gefenta. Neptune, wadda ta fi nisa a cikin duniyoyi takwas da ke kewaya Rana, tana taku talatin da ɗoriya, ko unguwar ba ta fita ba. To, Proxima fa? Sai an miƙe gabas ɗoɗar, kusan kilomita 270, an kai Gusau, sannan a tarar da ita, ko ƙwayar gero ba ta kai ba. Tsakanin nan da can babu wata tauraruwa ko ɗaya.

Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kuma babu wani abin da ɗan Adam ya ƙera da ya kai shi nisa. Duk da haka, da a ce Proxima ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 kafin ya isa.

Proxima tana da abokan zama biyu, Alpha Centauri A da B, waɗanda ido ke gani tamkar tauraruwa guda mai tsananin haske. Daga Kebbi da Zamfara ana hango Alpha Centauri ƙasa-ƙasa a kudu, ba ta ɗagowa sama da digiri 17. A watan Yuni, bayan sallar isha'i, ta fi sauƙin gani, in hadari bai rufe ba. Kada a haɗa ta da Zara ko Gamzaki: waɗannan duniyar Venus ce, maƙwabciyarmu.

A 2016 an gano wata duniya, Proxima b, da ke kewaya tauraruwar cikin kwana 11, nauyinta ya ɗan ɗara na tamu. Tana daidai tazarar da ruwa zai iya zama ba tare da ya daskare ko ya ƙafe ba, sai dai Proxima kan yi aman wuta mai ƙarfi lokaci-lokaci, abin da ke sa masana da dama shakkar ko iska ta saura a kanta.