Firiza ta mutu a sati uku: shin da gaske "ba a dawo da kaya"?

Wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada ta kwashi adashi gab da azumi, ta shiga gari ta sayo firiza sabuwa fil a kwalinta, da niyyar sayar da ƙanƙara da zoɓo. Sati uku ta yi tana aiki. Ranar nan aka wayi gari injin yana ta gurnani, ciki kuwa ruwa tsamo-tsamo, ƙullin zoɓo duk ya yi ɗumi. Da ta koma shagon, mai kayan ya ɗauko rasit ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke ƙasa. "Hajiya, ki yi haƙuri, kaya in ya fita ya fita. Ga shi nan a rubuce." Ta ce, "Alhaji, ko wata fa ba ta yi ba." Ya ce wuta ce ta ƙona ta.

Wannan rubutu na ƙasan rasit ba shi da ƙarfin da mutane suke ba shi. Akwai dokar tarayya ta 2018 kan gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC, kuma tana aiki a Kaduna kamar yadda take aiki a Legas. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka ƙera shi dominsa, ya kuma jure na wani lokaci da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ɗora da cewa duk cinikin da aka yi, wannan garantin yana cikinsa ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Idan kayan ya gaza cikin wata uku da karɓarsa, kana iya mayar da shi, sai a gyara maka, ko a sauya, ko a dawo maka da kuɗinka. Ba za a ci ka tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa. Wato kuɗin motar da ta ɗauko firizar daga Tudun Wada ma bai kamata ya fito daga jakar Hajiya ba.

Dokar ta kuma hana a sa wa mai saye sharaɗin da zai zubar masa da haƙƙin da ta ba shi. Don haka ko da manyan baƙaƙe aka rubuta "ba a dawo da kaya" a ƙofar shago, bai shafi kaya mai aibi ba. Ni abin ma bai zo mini baƙo ba, don tun a zauren karatu malamai ke koyar da cewa wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a abin da ya saya yana da zaɓin mayarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun "wuta ce ta ƙona". Kowa a garin nan ya san yadda wuta kan dawo da ƙarfi ta tafi da talabijin da fanka a dare ɗaya, kuma in haka ta faru da gaske, ko kai ka yar da kayan, ko ka jona shi a janareton da ya yi masa kaɗan, ba laifin mai shago ba ne. Sai dai faɗa da baki ba hujja ba ce. A ƙarƙashin dokar, idan mai saye ya yi zargin kaya na da aibi, wanda ya sayar ne zai tabbatar da cewa lafiyayye ya bayar. Nan ne kuma da yawanmu muke kashe kanmu da hannunmu: abu na lalacewa sai a kira mai gyaran unguwa, ya kwance bayan firiza, ya yanke waya, ya ƙara gas. Daga nan ka miƙa wa mai shago amsar da yake nema, cewa an taɓa. Kada ka bari kowa ya sa sukundireba kafin mai kayan ya gani. Ɗauki bidiyo da wayarka, ka ajiye kwali da katin garanti.

Rasit kuwa haƙƙinka ne, doka ta wajabta a ba ka shaidar ciniki a rubuce. Ka duba akwai kwanan wata, da sunan kayan, da farashi. In turansifa ka yi, kada ka goge saƙon banki.

Kayan gwanjo, irin waɗanda ake kira tokumbo, dole mai sayarwa ya bayyana a fili cewa an yi amfani da su ko an sake gyara su. Sayar da tsohon firji da aka fesa wa fenti a matsayin sabo yaudara ce da dokar ta haramta. Ka kuma sani garantin kamfani na shekara ɗaya ko biyu ƙari ne a kan wata ukun nan, bai soke shi ba. Wanda ya dai canza ra'ayi don launin bai yi masa ba, wannan kariyar ba tasa ba ce.

Idan mai shago ya kafe, fara da rubuta masa ƙorafi mai kwanan wata, ko da ta WhatsApp ne. A kasuwa irin ta Sheikh Abubakar Gumi akwai shugabannin 'yan kasuwa, kuma sau da yawa zama ɗaya a gabansu ya fi wata guda na zarya. In hakan bai yi ba, FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, ka haɗa da hoton rasit da bidiyon, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Hajiya dai ɗanta ne ya rubuta mata takardar, ya ambaci sashe na 132, suka kai wa shugaban layin. Bayan kwana biyar aka aiko mata da wata firizar a bayan akori-kura.