Waiwaye: Shirun asibiti kan cin zarafin yara ya daɗe

Duk lokacin da aka ji yaro ya mutu a hannun masu riƙonsa bayan an sha kai shi asibiti, sai muhawara ta tashi: me ya hana nas ko likita kai rahoto? Wasu su ce rashin sanin doka ne, wasu su ce rashin tausayi. Maganar nan ta girmi duk masu yin ta.

Tun 1860 wani likitan Faransa, Ambroise Tardieu, ya rubuta bayanin yara 32 da aka azabtar. A 1962 likitan yara Henry Kempe da abokan aikinsa suka fitar da maƙala kan yaran da ake duka, wadda ta girgiza likitocin Amurka, kafin ƙarshen 1967 kuma kowace jiha a can ta kafa dokar kai rahoto. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1946. A shekarar, John Caffey, likitan hoton ƙashi a New York, ya bayyana jarirai shida da jini ya taru musu a cikin kai, ga kuma karaya 23 a dogayen ƙasusuwansu, wata sabuwa, wata ta fara ɗoruwa. Babu wanda ya ba da labarin faɗuwa ko duka. Caffey ya ce alamun na rauni ne. Duk da haka aka shafe shekaru wasu na neman wata baƙuwar cutar ƙashi, domin zuciya ba ta son yarda cewa hannun da ya kawo yaro asibiti shi ya karya shi. Sai a 1955 wasu likitoci biyu, Woolley da Evans, suka lura cewa in an raba yaron da gida, sabuwar karaya ba ta sake fitowa. Hujja na nan a hoto tun 1946, shekara 16 kafin Kempe.

Wannan nauyin bakin har yau yana nan. Za a kawo jariri ɗan wata biyu da karayar cinya, a ce daga gado ya mirgino, alhali bai isa juyawa ba. Nas ta gane sarai. Amma tana tunanin idan ta yi kuskure fa, idan dangi suka taso mata, idan aka kira ta kotu, kuma ba a taɓa nuna mata wanda za ta kira ba. Da yawa ba su ma san cewa a ƙasashen da ke da irin wannan doka, zargi mai tushe ya wadatar ba. Bincike aikin wasu ne, kuma galibi doka na kare wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya.