Fashin baƙi kan ƙa'idar ba ɗalibai maki a makaranta

Duk malamin da ya rubuta maki a kan takardar ɗalibi shaida ya bayar, kuma waɗanda za su yi aiki da wannan shaida, wato iyaye da makarantar gaba da masu ɗaukar aiki, yawancinsu ba su ga yadda yaron ya yi karatun ba. Shi ya sa ƙa'idar tantance ɗalibai take buƙatar maki ya nuna abin da ɗalibi ya sani kuma ya iya a darasin da aka koya masa, ba tare da an cusa wani abu a ciki ba.

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ba ta ambaci maki da sunansa ba, amma ta aza harsashin da ake ɗora shi. Sashe na 29 ya ce manufar ilimi ita ce bunƙasa halayyar yaro da basirarsa da ƙarfin tunaninsa da na jikinsa iya gwargwadon abin da zai iya kaiwa, sashe na 28 kuma ya wajabta a yi ladabtarwa ta hanyar da ba za ta zubar da mutuncinsa ba. A 2001, kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya yi gargaɗin cewa koyarwar da ta dogara ga cusa bayanai da haddasa gasa da ɗora wa yara aiki fiye da kima tana iya tauye ci gabansu.

Inda aka fi taka wannan ƙa'ida shi ne wajen mayar da maki abin horo. Ɗauki yarinyar da ta ci 80 a gwaje-gwaje uku, sannan ta kawo aiki na huɗu a makare, malami ya ba ta sifili. Idan aka haɗa huɗun aka raba, sakamakonta ya faɗo zuwa 60, kuma duk wanda ya ga takardar zai ɗauka ba ta fahimci darasin sosai ba, alhali laifinta jinkiri ne. Jinkiri da surutu a aji da rashin ladabi abubuwa ne da ya wajaba a gyara, amma gurbinsu daban ne a takardar sakamako, wato sashen bayanin ɗabi'a. Haka nan ƙara wa ɗalibi maki don biyayyarsa ko don darajar iyayensa shaidar zur ce, ko da malamin ya yi da kyakkyawar niyya, kuma ni a ganina cutarwarta ga wanda aka ƙara wa ba ta gaza ta wanda aka rage wa ba, domin an ɓoye masa raunin da ya kamata a gyara tun da wuri.

Gwaji kuma iri biyu ne, kamar yadda masani Michael Scriven ya bambance su a 1967. Akwai wanda ake yi ana tsakiyar koyo don a gano inda aka yi tuntuɓe, akwai kuma na ƙarshe wanda ke yanke hukunci. Idan aka lissafa kowane kuskuren ranar farko a sakamakon ƙarshe, yara sukan koyi ɓoye abin da ba su gane ba.

Batun daidaito tsakanin masu duba takarda ya daɗe yana damun masana. A 1912, Daniel Starch da Edward Elliott sun nazarci makin da malamai 142 a Amurka suka ba takardun Turanci iri ɗaya, sai ga takarda guda ta samu daga 64 har zuwa 98. Wannan ne dalilin da ya sa ake buƙatar a rubuta ma'aunin ba da maki kafin jarrabawa, a sanar da ɗalibai abin da za a duba, sannan a manyan jarrabawa a ɓoye sunan mai takarda, wani malamin kuma ya sake duba wasu daga ciki.

Ɗalibi yana da haƙƙin a kiyaye sirrinsa da kuma a saurare shi, kamar yadda sashe na 16 da na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara suka tanada. Karanto sakamako a gaban aji don a kunyata na ƙarshe ya saɓa wa manufar waɗannan sassa. A Amurka, dokar FERPA ta 1974 ta ba iyaye ikon ganin bayanan karatun ɗansu cikin kwana 45 bayan sun nema, da kuma ikon neman a gyara abin da aka rubuta bisa kuskure, kuma ikon yana komawa hannun ɗalibin idan ya cika shekara 18. A Ingila kuwa, da annobar korona ta hana jarrabawa a 2020, an yi amfani da wani lissafi da ya dogara ga tarihin kowace makaranta, wanda ya sa kusan sakamako 40 cikin kowane 100 na masu kammala sakandare suka faɗi ƙasa da abin da malamai suka ƙiyasta musu. Ɗalibai suka yi zanga-zanga saboda an auna su da aikin waɗanda suka gabace su, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye tsarin ta koma ga ƙiyasin malamai.