Zazzaɓin cizon sauro

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ake kira maleriya, cuta ce da wata mitsitsiyar halitta mai suna Plasmodium ke haddasawa, macen sauro jinsin Anopheles kuma ita ke kai ta daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukar ta ta tari ko cuɗanya ko abinci. Iri biyar ne ke kama ɗan Adam: falciparum, vivax, ovale, malariae da knowlesi. Falciparum ce ta fi kisa, ita ce kuma ta mamaye Afirka kudu da Sahara. Vivax ta fi yawa a Asiya da Kudancin Amurka, ba ta samun gindin zama sosai a Afirka ta Yamma, domin jinin akasarin mutanen yankin ba shi da sinadarin Duffy wanda take bi ta shiga ƙwayar jini.

Yadda take yaɗuwa

Idan sauro mai ɗauke da cutar ya ciji mutum, ƙwayoyin sukan bi jini su sauka a hanta, su yi kamar mako guda suna hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba. Daga nan sai su fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini, su cinye su, su fasa. Fashewar nan ce ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, galibi kwana 10 zuwa 15 bayan cizon. A jikin ƙaramin yaro abin kan rikiɗe cikin kwana ɗaya ko biyu: jini ya ƙare, tafin hannu ya yi fari fat, a shiga jijjiga ko doguwar suma. Mai juna biyu kan yi ɓari ko ta haifi jariri marar nauyi. Babban da ya tashi inda cutar ta yi katutu yana da ɗan garkuwar da cizon shekaru ya gina masa, amma takan raunana idan ya daɗe a wata ƙasa. Mai nau'in jini AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, shi ma yana da kariya daga tsananin cutar, abin da ya sa gadon sikila ya yawaita a daidai wuraren da maleriya ta daɗe.

Abin da masana yaɗuwar cututtuka suka fi sa wa ido shi ne tsawon ran sauro. Ƙwayar cutar na buƙatar kwana goma ko fiye a cikin sauro kafin ta kai ga yawunsa, sauro da yawa kuma ba su kai wannan lokaci. Tsohuwar sauro ce kaɗai ke da haɗari. Saboda haka duk abin da zai rage wa sauro kwanaki, ko da bai ƙarar da shi ba, yana karya lagon cutar. Rashin sa'ar Afirka shi ne sauronta, musamman Anopheles gambiae da funestus, masu tsawon rai ne, sun fi son jinin mutum a kan na dabba, suna kuma shiga ɗaki da dare. Gambiae ba a baƙin ruwan kwata take ƙwai ba, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Ta fi son ɗan ruwan sama da rana ke duka: sawun kofaton shanu, tayar mota a laka, ramin da aka haƙi ƙasar gini, fadamar shinkafa. Shi ya sa a yankin Sahel cutar ke bin damina, asibitoci su cika maƙil daga marka zuwa farkon kaka.

Tarihi

Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya fara ganin ƙwayar cutar a jinin majiyyaci, a Aljeriya, a 1880. A 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar baki ɗaya, da feshin maganin ƙwari na DDT da maganin kulorakwin. An yi nasara a Turai da wasu sassan Asiya, amma shirin bai taɓa Afirka kudu da Sahara yadda ya kamata ba, aka kuma jingine shi a 1969.

Tambayar da ta rage ita ce ko za a iya yanke cutar a inda ta fi ƙarfi. A ƙasar Hausa aka nemi amsa. Daga 1969 zuwa 1976 hukumar da gwamnatin Najeriya sun gudanar da bincike a ƙauyukan Garki, a tsohuwar jihar Kano, Jigawa ta yanzu. An feshe ɗakuna da maganin propoxur, a wasu ƙauyukan kuma aka riƙa ba kowa da kowa magani a kai a kai. Cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa biyun, amma ba ta yanke ba, da aka janye hannu kuma ta dawo. Wani ɓangare na sauron a waje yake hutawa, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Har yau da alƙaluman Garki ake gwada lissafin yaɗuwar maleriya.

Nauyin cutar a duniya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa miliyan 263 da mutuwa 597,000. Kashi 95 cikin 100 na mutuwar a yankin Afirka ne, kusan uku bisa huɗu na mamatan yankin kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙasashe huɗu suka ɗauki fiye da rabin mutuwar a duniya: Najeriya da kusan kashi 31, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango 11, Nijar kusan 6, Tanzaniya 4. Ko a cikin Najeriya ba daidai take ba. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 na ƙananan yara, saɓanin 42 a 2010, amma a Kebbi adadin ya kai 49. Ƙiyasi ne duka, domin yara da yawa a gida suke rasuwa ba a rubuta ba.

Yaƙi da cutar

Bayan taron shugabannin Afirka a Abuja ranar 25 ga Afrilu, 2000, da kafa Asusun Duniya na Global Fund a 2002, kuɗi sun shigo, mutuwa ta yi ƙasa sosai har zuwa 2015, daga nan ci gaban ya tsaya cik. Gidan sauro mai magani ne ya yi mafi yawan aikin. Matsalarsa sananniya ce: a daren zafi mutane kan kwana a tsakar gida, wasu kuma su mai da shi shingen lambu.

Kulorakwin ya daina aiki bayan ƙwayar cutar ta saba da shi, aka koma ga haɗin magunguna na ACT, waɗanda tushensu artemisinin ne da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar daga wani tsiro dangin tazargade a 1972. Ƙa'ida ita ce a gwada jini kafin a sha, don ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, ko da yake a kemis ba kasafai ake bin ƙa'idar ba. Masu ciki suna karɓar maganin kariya mai suna SP a wurin awo, aƙalla sau uku. Tun 2012 ana bin gida gida a yankin Sahel da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya duk wata, shirin da ya kai ga yara miliyan 53 a 2023.

An amince da allurar rigakafin RTS,S a 2021 da R21 a 2023. Kamaru ce ta fara sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya ta fara a Disamba da Kebbi da Bayelsa. Allurar tana rage cutar ne, ba ta maye gurbin gidan sauro.

Aljeriya ta samu shaidar rabuwa da cutar a 2019, Sin a 2021, Kef Bade da Masar a 2024. A gefe guda, sauro ya saba da maganin da ake sa wa gidan sauro a ƙasashe da dama, an ga alamun ƙwayar cutar na jure wa artemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya, sannan Anopheles stephensi, sauron Asiya mai hayayyafa a tankunan ruwa na birane, ya ɓulla a Jibuti a 2012, a Najeriya kuma a 2020.